Wuyan Rigar Bango

Abu biyu mutane suke faɗa a kan aikina, kuma duka biyun ba haka suke ba. Na farko, wai ɗinkin rigunan 'yan zari-ruga ai facin tsumma ne, ko yarinyar da ta yi wata guda a kan keke za ta iya. Na biyu, wai Isuhu Bango tsoro ya ji a wasan ƙarshe na bara, ya ajiye riga da gangan, ya kashe kulob ɗin da ya yi masa suna. Na gaji da amsa wa mutane ɗaya bayan ɗaya a bakin shago, shi ya sa na zauna na rubuta. Ku 'yan koyo da kuke leƙowa kuna cewa aikin Rukayya ai hutu ne, ku karanta, ku daina katse min ɗinki.

Rigar farko da na taɓa gyarawa, hannunta ne ya ɓalle daga kafaɗa. Lokacin na gama sakandare, babu halin ci gaba, sai mahaifiyata ta kai ni shagon ƙaninta, Kawu Mamman, a Unguwar Kanawa. Shi ne telan kulob ɗin tun kafin a haife ni. Ya miƙo min rigar, na zauna na yi mata ɗinki mai kyau, layi ɗaya a miƙe kamar na kayan sallah, na ba shi ina jiran yabo. Bai ko duba ɗinkin ba. Ya fita ya rataya rigar a ƙarfen rumfar shago, ya ce in kama hannun in ɗaga ƙafafuna. Na ce a bakin titi? Ya ce a bakin titi. Na kama, na ɗaga, sai ga ni zaune a ƙasa da hannun riga a hannuna, mai shayin da ke gefe har da ƙwarewa don dariya. Kawu ya ce, ke da ba ki kai buhun gero ba ke nan, ina ga ƙato uku sun kama ta a guje? Tun daga ranar duk rigar da ta fita daga shagonmu sai an yi lilo da ita.

Ga wanda bai san wasan ba: mutum goma sha uku ne a kowane ɓangare, ƙwallon kuma kamar ƙwai take. Ka zara ka ruga da ita, na gaba su tare ka su kayar. Babu sulke, babu hular ƙarfe. Tsakanin mutum da jar ƙasar Kaduna babu komai sai rigar da na ɗinka. In ta yage a tsakiyar wasa, fatarsa ce za ta karɓi sauran.

Kayan aikin ba su da yawa, amma kowanne da dalilinsa. Keke na ƙafa ne, baƙi, tsoho, don na lantarki gaggawa gare shi, ga shi wutar ma sai ta ga dama. Allura mai kauri, irin ta wandon jins. Zaren nailan, in an gama a ƙona bakinsa da ashana, don ƙulli a cikin kafaɗa yanka fata yake yi in an danne mutum. Babu maɓalli, babu zif, babu aljihu. Duk inda yatsa zai shiga, yatsa zai karye. Kowane ɗinki sai an bi shi a sake bi, a hammata kuma a ƙetara. Maho daga ciki ake sa shi, kuma daga gindin tsohuwar rigar kulob ake yanko shi, don sabon yadi da tsoho ba sa jan juna daidai. Kafin allura kuwa sai wanki. Jini da ruwan sanyi da gishiri ake fitar da shi. Wata 'yar koyo ta taɓa zuba min tafasasshen ruwa a kan riguna, ta dafa jinin ya zauna har abada. Ranar ta gama koyo a wurina.

Rigimar da ba ta ƙarewa ita ce ta awo. Namijin ƙasarmu ya saba da riga mai yalwa, sai sabon ɗan wasa ya gwada tasa ya hau mita, wai ta matse shi, ba ya iya numfashi, kamar rigar ƙanwarsa. Kawu yakan ce masa babbar riga ta masallacin Juma'a ce, a nan duk abin da ya yi saura a jikinka mariƙin abokin gaba ne. Wanda ya fi kowa wannan mitar shi ne Dogo Ayuba, ɗan Rigasa, mai gudun gefe. Kullum ya shigo sai ya ce, "Ƙanwata, ki sassauta min, in na aure ki ai ke za ki yi jinyar haƙarƙarin." Ni kuma in ce ya fara koyon wanke safarsa tukuna, don ko akuya ba za ta aure shi da wannan warin ba. Haka muke. Ranar Litinin Koci Bulus ya kawo buhun riguna a bayan babur, ranar Juma'a in gama, Asabar in kai fili da kaina in shanya su a kan waya.

Akwai aiki ɗaya da ba a yi da keke, shi ne rufe wuya. Na fara yin sa ne a kan rigar Garba, wani tsohon ɗan wasa da gwiwa ta ƙare masa. Ya shigo da kansa, ya shimfiɗa rigar a kan tebur, ya ce, "Na ajiye. A rufe." Kalmomin ke nan, kuma sai daga bakin mai riga. Ba a aike, ba a saƙo. Kawu ya ba ni farin zare ya ce in haɗe bakin wuyan da hannu, gaba da baya, yadda kai ba zai shiga ba. Ranar wasa aka shanya ta cikin sauran. Kafin a shiga fili 'yan wasa suka yi layi, kowa ya zo ya daki kafaɗar Garba da tafin hannu, ya wuce, babu jawabi, babu komai. Sallamar ke nan. Rigar kuma tana nan a rufe har sai an sami sabon da ya cancanta, kyaftin ya yanke zaren da hannunsa ya saka masa. Amma ba a buɗe wa mutumin da aka rufe wa. Bayan wani lokaci gwiwar Garba ta ɗan yi sauƙi, ya dawo yana roƙo. Kyaftin ɗin da ya hana shi, a gabana, shi ne Isuhu Bango. Ya ce masa, Yaya Garba, in an buɗe maka yau, gobe babu wanda zai san ranar tsayawarsa.

Rigar Bango ita ce mafi girma a buhun, kuma maho ya fi asalin yadin yawa a jikinta. Shi ne yake gaba, shi ake jefa wa ƙwallo in hanya ta toshe, ya sa kai ya buɗe ta. Mutum ne marar magana. In ya kawo gyara yakan tsaya daga bakin ƙofa don in ya shigo babu sauran haske, ya ce sannu da aiki ƙanwata, ya nuna wurin da yatsa, ya tafi.

Sai bara. Ban taɓa ganin shekara irin ta ba. Da farkonta yanar ido ta zaunar da Kawu a gida, shago ya dawo hannuna ni kaɗai. Damina ta mai da filin atisaye fadama. 'Yan wasa suka fara zubewa: wannan ya shiga soja, waɗancan sun tafi kudu neman abin da ya fi, wani ya karye a allon kafaɗa, wani mahaifinsa ya rasu ya koma ƙauye riƙon gida. Farin zaren da yakan shekara a akwati ya kusa ƙarewa tun kafin ƙarshen damina. Ana fita wasa ana shan kashi. Akwai ma ranar da ba su cika sha uku ba, aka ba abokan karawa wasan ba tare da an taɓa ƙwallo ba. Masu shirya gasar suka ce in an sake, an fitar da kulob ɗin. Alhajin da yake ɗaukar nauyinsu kuma ya ce ranar da aka fitar da su, ranar zai cire hannunsa. Ana saura wasa ɗaya a gama, waɗanda suka rage sha uku ne cif, har da Bango.

A tsakiyar wannan shekarar ne aka yi masa karon. Kansa ya haɗu da gwiwar wani, ya kwanta, aka zuba masa ruwa, ya tashi ya ci gaba, 'yan kallo suna ta kirarin namiji. Na wanke rigar, na gyara wuyan da ya saki, shi ke nan. Bayan haka ya zo da safe ya ce in duba masa hammata. Na ce to. Bayan azahar ya dawo ya sake faɗin maganar, da kalmomin da ya faɗa da safe. Na ce Yaya Isuhu ai ka faɗa min. Ya yi murmushi ya ce haka ne. Wata rana kuma ya tsaya a bakin ƙofa yana kare idonsa da hannu kamar rana ta dame shi, alhali hadari ne a sama, ya daɗe, sannan ya tambaye ni ko ni ce na aika a kira shi.

Ranar Alhamis kafin wasan ƙarshe, ina tsakiyar buhu, matarsa Hadiza ta shigo da goyo. Ba ta saba zuwa ba. Na ce Anti sannu da zuwa, na kawar da tsummoki ta zauna. Ba ta yi doguwar gaisuwa ba. Ta ce tun karon nan ba ya barci don ciwon kai. Ya taɓa fita sayen burodi a nan Malali inda suke, sai wani mai shago ne ya rako shi gida. Danginsa suka ce iska ce, aka yi addu'o'i, aka yi hayaƙi. Ita ta lallaɓa shi zuwa asibiti, likita ya ce ƙwaƙwalwa ce ta girgiza, kuma in ya sake samun wani karon, ko dai a ɗauko gawa ko a ɗauko wanda za a riƙa juyawa a kan tabarma. A hanyar dawowa ya sa ta rantse ba za ta gaya wa koci ba, ba za ta gaya wa kowane ɗan wasa ba, sai an gama wasan Asabar.

"Ke ba koci ba ce," in ji ta, "kuma ba kya wasa. Ki rufe wuyan."

Na ce Anti ba a yin haka, sai da bakin mai riga. Na ce in ya fita babu na sha uku, kulob ya mutu, bakin mutum nawa ke ci a nan. Na faɗa da zafi, don na ji haushin ta kawo min wannan kaya. Ta bar ni na gama. Sannan ta kwance goyon, ta juyo da yarinyar ta zaunar a cinyarta.

"Jiya ya tambaye ni sunanta."

Da ta tafi na rufe shago na je wurin Kawu. Na same shi a zaure da rediyo. Na kwashe komai na faɗa masa. Ya rage muryar rediyon. Can ya ce shi dai tun da yake bai taɓa rufe wuyan da mai shi bai ce a rufe ba, kuma ba zai ce min in yi ba. Na ce to ka ce kar in yi. Ya ce, ke yarinya, idona ba ya gani, allura kuma tana hannunki. Ya ƙara muryar rediyonsa.

Aikin kansa ba wuya. Na gama gyaran hammatar tukuna, don ba na ba da riga da rauni ko da ba za a sa ta ba. Na yi lilo da ita. Na goge ta. Sannan na ɗauko ragowar farin zaren, na ninka shi, na haɗe bakin wuyan daga kafaɗa zuwa kafaɗa, ƙanana-ƙanana yadda Kawu ya koya min. Na sa ta a ƙasan buhu.

Ranar Asabar da la'asar, a filin wata makaranta kusa da Malali, abokan karawa sun riga sun iso da motarsu daga nesa. Na shanya rigunan a kan waya a ƙarƙashin darbejiya kamar kullum. Dogo ne ya fara gani. Yana tsakiyar tsokanata ya yi shiru, sauran suka bi inda yake kallo. Bango ya zo a makare. Bai lura da shirun ba, ya zare rigarsa daga waya, ya zura hannaye, ya kai kansa, kai ya ƙi shiga. Ya fitar da ita ya duba. Ya bi farin zaren da babban yatsa. Ya san hannuna, ya kuma san mutum ɗaya ce a duniya za ta iya zuwa wurina da wannan maganar. Ya ɗago ya dube ni. Ban sunkuyar da kai ba.

Koci Bulus ya matso ya ce, "Bango, mene ne wannan? Yau? Yau ɗin nan?"

Da Bango ya ce bai san da shi ba, da an yanke zaren a nan take, da ni aka kora, da maganar ta koma kan matarsa a gaban maza. Sai ya naɗe rigar ya ce, "Ni na ce ta rufe."

Dogo ya ruga wurin mai yankan farce ya karɓo reza, ya dawo yana cewa Yaya ka yanke, wallahi babu wanda ya gani, bayan wasa a sake rufewa. Bango ya nuna bakin fili da haɓa. Garba ne tsaye cikin 'yan kallo da sandarsa. Bango ya ce, in ce masa me? Aka yi ta magana, wasu na roƙo, wasu na zagi. Wani ya ce dama an ce tun karon nan zuciyarsa ta mutu. Shi dai ya rungume rigarsa a naɗe. Koci ya zagaya ko zai sami wanda zai cike gurbi, amma sai mai rajista, kuma babu. Alƙalin wasa ya jira iya jiransa, ya busa, baƙi suka koma motarsu.

Ba a yi layi ba. Wannan ne abin da nake so ku sani. Mutumin da ya shekara da shekaru yana sa kansa a gaba saboda su, babu ko ɗaya da ya zo ya daki kafaɗarsa. Kowa ya tuɓe rigarsa ya jefa min a buhu ya tafi. Shi ya miƙo min tasa da hannu biyu, ya ce sannu da aiki ƙanwata, ya bi bakin titi a ƙasa.

Alhaji ya cika maganarsa. Koci Bulus yanzu yana koyar da motsa jiki a wata firamare. Dogo yana jan Keke Napep tsakanin Rigasa da cikin gari. Sauran, wanda ke dako na dako, wanda ke gadi na gadi. Ni na koma kayan makaranta da na 'yan biki, buhun riguna yana ƙarƙashin tebur. Bango yana raye. Yana zama a shagon surukinsa da baƙin tabarau, yana miƙa wa masu saye kaya. Ciwon kan ya ragu, mantuwar wata rana da sauƙi, wata rana babu. Sunan 'yarsa dai ya zauna. In mun haɗu yana amsa gaisuwata cikakkiya, bai taɓa ɗaga maganar ba. Hadiza ta ce ita ma bai taɓa tambayarta ba, ko sau ɗaya. Sai dai tsofaffin abokan wasansa in sun hango shi sukan tsallaka titi, yaran unguwa kuma sun sauya masa suna daga Bango zuwa Zana.

Kada wani ya ɗauka neman gafara nake yi. Ko gobe aka kawo min wannan rigar da wannan labarin, zan sake ɗaukar allura. Amma an ƙwace wa mutumin nan abu biyu da kowane ɗan wasa yake samu, har wanda bai taɓa cin ko maki ɗaya ba: ya faɗi kalmarsa da bakinsa, kuma a daki kafaɗarsa.

Na je wurin Hadiza na ce rantsuwarta ta ƙare tun ranar da aka busa, ta ba ni izini in yi magana. Ta ba ni. Shekaranjiya na tare Dogo a bakin titi, na shiga kekensa kamar fasinja, na faɗa masa komai tun daga likita har zuwa farin zare. Ya gangara gefe ya kashe inji. Ya juyo ya dube ni. Ya ce shi ne ya fara kiran Bango Zana.

Ga abin da na yanke. Ranar Asabar zan farke farin zaren nan, don wuyan da mai shi bai ce a rufe ba, ba rufaffe ba ne. Zan kai masa rigar gida a buɗe, da allura da sabon zare a jakata. Dogo zai tattaro duk wanda ya rage a Kaduna, da Koci, da Garba, su tsaya a ƙofar gida, kada wanda ya shigo sai an kira shi. Zan shimfiɗa rigar a gabansa in zauna. In ya ce na ajiye, a rufe, a gabansa zan rufe, sannan su yi layi. In kuma ya ce a bar ta a buɗe, a buɗe zan bar masa ita, in taho.